Shago Ana Gadonsa, Ƙungiya Ba a Gadonta: Yadda Na Bi Takardun Biyun a Maraɗi

Duk wanda yake da sana'a a hannu, yake kuma da wani aikin taimako da yake yi a gefe, wata rana zai kai inda za a ce masa ya kawo takarda. Saboda irinsu na zauna na rubuta wannan, musamman matasan Maraɗi da suke zuwa shagona suna tambayar ta ina ake bi a buɗe ONG, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, alhali in ka saurare su da kyau sai ka tarar abin da ke ransu kasuwanci ne tsantsa. Ni na bi hanyoyin biyu tsakanin 2022 da 2023: na yi wa shagona rijistar kasuwanci, muka kuma kafa ƙungiyar da ke koya wa yara ɗinki kyauta. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, da abin da aka gaya mini a kowane ofishi. Kuɗin takardu da ƙa'idoji sukan canja, don haka a riƙa tambaya a wurin kafin a ciro ko dala.

Ni tela ne a unguwar Zariya. Ina ɗinki, ina kuma sayar da yadin da nake sarowa daga Kantin Kwari a Kano, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Kekuna huɗu nake da su a lokacin. Shekaru da dama, in an yi la'asar aiki ya lafa, marayun unguwa da yaran da suka bar lakwal sukan zo su zauna a kan kekunan su koya, abokaina na fada kuma suna haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata don zare da allura da abincin rana. Ba takarda, ba suna, lada kawai ake nema. Bayan ƙaramar Sallar 2022 sai abu biyu suka zo mini a jere. Wata makarantar kuɗi ta ce za ta ba ni ɗinkin kayan ɗalibanta, amma sai na iya ba ta faktir, wato takardar lissafin kuɗin aiki, mai ɗauke da lambar haraji. Wani Alhaji kuma da ya ga yaran ya ce zai ba da kekuna 10, da sharaɗin ba hannuna zai danƙa su ba, sai dai hannun ƙungiya mai izinin hukuma da asusun banki. A fada aka ba ni shawarar da ake ba kowa: ka buɗe ONG guda ɗaya, ka karɓi kekunan, ka yi ɗinkin makarantar da sunanta, lampo ma ba ruwanka da shi. Da wannan tunanin na fita.

Na fara da ma'aikatar magajin gari ta da'irarmu, tunda birnin Maraɗi da'ira uku ne, kowa kuma tasa yake zuwa. Na samu layi na masu neman takardar haihuwa da masu buga hatimi, na zauna a benci har hantsi ya ɗaga kafin a nuna mini ofishin da ke karɓar takardun ƙungiyoyi. Wani dattijo ne a ciki, ya bar ni na zuba bayanina har na gama, sannan ya cire tabarau ya ce: “Malam tela, tambaya ɗaya zan yi maka. In shekara ta ƙare, an biya komai, kuɗi sun yi rara, aljihun wa za su shiga?” Na ce na ɗinkin makaranta ai nawa ne, da shi nake ci da iyali, na yara kuwa na yara ne. Ya ce to abu biyu ka kawo mini, ni kuma ɗaya nake karɓa. Ya jawo wata tsohuwar takarda ya karanta mini da Faransanci yana fassarawa. Dokar ƙungiyoyi ce mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, wadda aka yi wa gyara a 1991. Farkonta ma ta yanke maganar: ƙungiya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu ko fiye da suka haɗa ƙarfinsu da iyawarsu don wata manufa wadda ba rabon riba ba. Ya ƙara da cewa ƙungiya ba ta fara aiki sai an sanar da ita, kuma ministan cikin gida ya sa hannu a kan izininta. Na fito jikina a sanyaye, don na shiga da zaton fom zan cika in dawo da takarda.

Shi ne ya tura ni ofishin jiha mai kula da ci gaban al'umma, inda ake bin ayyukan ƙungiyoyi masu zaman kansu. Can na samu wata Madan mai haƙuri, wadda har yau nake yi mata addu'a. Ita ta fara raba mini ƙungiya da ONG, abin da yawancinmu muke ɗauka ɗaya ne. Ta ce dukansu a ƙarƙashin dokar 1984 suke, dukansu ba na neman riba ba ne, amma ONG tana da ƙarin ƙa'idoji, kuma a watan Fabrairun shekarar nan ta 2022 aka fito da sabon ƙudurin da ya maye gurbin na 1992. ONG tana sa hannu a kan yarjejeniya da gwamnati, tana kai rahoton aiki da na kuɗi duk shekara, ana kuma sa ran ganin ofishi da ma'aikata da tsarin aiki. Da na taɓo maganar yafe haraji, sai ta gyara zama. Ta ce sauƙin da ake yi wa ONG a kan kayan aikin da za a amfanar da jama'a ne, shi ma sai an nema an bi hanya, ba a kan yadin da mutum zai saro ya sayar ba. Wanda ya shigo da hajarsa da sunan ƙungiya, zamba ya yi wa baitulmali, kuma ranar da aka gano, izinin zai tafi, sunansa ma ya tafi. “Ɗan'uwa,” in ji ta, “taura biyu ba ta taunuwa. Ka yi wa shagonka takardarsa, ku yi wa yaran tasu. Kuma ku fara da ƙungiya, in kun girma kwa nemi zama ONG.”

Wani abu da ta faɗa a ƙarshe shi ya hana ni barci. Ta ce in kekunan nan 10 suka shiga ƙungiya, sun fita daga hannuna ke nan har abada, ko da ni na kafa ta, ko da a ɗakina suke. Ba zan sayar ba, ba zan jinginar ba, ƴaƴana ba za su gada ba. Ko ƙungiyar ta mutu, ba a raba kayanta tsakanin mambobi, ana miƙa su ga wata mai manufa irin tata, kamar yadda kundin dokokinta ya tanada. Na kai wa kawuna maganar da dare, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma yana da karatun littattafai. Ya yi shiru ya ce: “Mi ya ba ka tsoro a nan? Ai waƙafi ke nan. Wanda ya gina rijiya ya ce ta Musulmi ce, ɗiyansa sunka taɓa sa ta cikin gado? In kana son lada ka sake ta, in kana son dukiya ka riƙe shagonka da kyau. Duka biyun halas ne, haɗa su ne ke kawo husuma.” Wannan magana ita ta daidaita mini zuciya. Na kuma fahimci cewa neman riba ba abin kunya ba ne da za a ɓoye shi a bayan sunan taimako. Garin nan da kasuwanci aka san shi, kuma yawancin masallatai da makarantun allon da muke gani, ribar ƴan kasuwa ce ta gina su.

Na fara da shago, tunda makarantar tana jira. Na je reshen Maison de l'Entreprise, wanda ke ƙarƙashin zauren ƴan kasuwa da masana'antu na ƙasa, inda aka tattara rijistar kasuwanci a taga ɗaya don kada mutum ya yi ta yawo tsakanin kotu da ma'aikatar haraji. Saurayin da ya karɓe ni ya ce dokar kasuwancin ma ba ta Nijar kaɗai ba ce, ta OHADA ce, yarjejeniyar da aka ƙulla a 1993, wadda ƙasashe 17 suke aiki da ita. Ya jera mini zaɓi. Zan iya yin rijista da sunana ni kaɗai, wadda ta fi sauƙi da arha, sai dai babu katanga tsakanin dukiyar shago da tawa: in shago ya ci bashi, mai bashi zai iya bin babur ɗina da duk abin da na mallaka. Zan iya kafa kamfanin SARL, ko da ni kaɗai ne, inda asarar mutum ba ta wuce jarin da ya zuba, riba kuma ana raba ta gwargwadon hannun jarin kowa, wanda ya fi zubawa ya fi ƙarfin murya. Akwai babban kamfani na SA da jarinsa yake farawa daga miliyan 10 na sefa, wanda ba layina ba ne. Akwai kuma GIE, haɗin gwiwar masu sana'a da ake iya kafawa ko babu jari, amma ya gargaɗe ni cewa a cikinsa bashin ƙungiyar yana kan wuyan kowane mamba, har da dukiyarsa ta gida. Mutane da yawa suna rugawa GIE don sun ji babu jari, ba su san wannan ba.

Na zaɓi rijista da sunana. Abin da aka nema bai da yawa: kwafin katin ɗan ƙasa, takardar shaidar inda nake zaune, bayanin wurin da shago yake da takardar hayarsa, hotuna, da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba. Da yake kaziyena bai fito ba, aka ce doka ta yarda in sa hannu a kan takardar rantsuwa, in kawo shi cikin kwana 75. Abin da na biya a tagar bai kai jika 20 ba a lokacin, ban da kuɗin kwafi da na kabu-kabu. Mako bai zagayo ba aka kira ni na karɓi lambar RCCM, wato shaidar shiga rijistar kasuwanci da ke hannun magatakardan kotu, tare da lambar NIF ta haraji. Babu wanda ya tambaye ni mene ne manufata, ko wa zai amfana da shagon, ko wa ya zaɓe ni. Jarina ne, ni ke yanke shawara, in na samu nawa ne, in na faɗi nawa ne.

Daga nan na wuce ma'aikatar haraji don in san abin da ke kaina. Jami'in ya tambayi cinikina na shekara, ya sa ni a tsarin ƙananan masu sana'a da suke biyan haraji dunƙule. Ya ce in ciniki ya girma ya wuce iyakar da doka ta sa, zan koma tsarin da ake lissafin riba, inda harajin riba yake kashi 30 cikin 100, a kuma riƙa karɓar harajin kan kaya, wato TVA, kashi 19 cikin 100 a kan abin da aka sayar. Da yake ina wurin, na tambaye shi zancen ƙungiya, amsarsa kuma ta rushe abin da ake faɗa a fada. Ya ce ƙungiya ma sai ta yi NIF nata. Kuɗin da mambobi suke zubawa da kyautar da aka ba ta ba riba ba ne, ba a yanka musu harajin riba. Amma in ta ɗauki ma'aikaci tana biyansa albashi, sai ta yi masa rijista a CNSS, asusun fansho da kare ma'aikata na ƙasa, ta kuma cire harajin albashi in ya kai, daidai da kowane kamfani. In kuma ta shiga ciniki gadan-gadan tana gogayya da masu shaguna, su ba sunan da ke kan allo suke dubawa ba, aikin suke dubawa. Na ga adalci a wannan, don in da ƙungiya za ta karɓi ɗinkin makarantu ba haraji, da telolin da ke biya sun rufe shagunansu.

Aikin ƙungiya shi ne mai tsawo, kuma rabinsa ba a ofis aka yi shi ba, a tsakaninmu aka yi. Wani malamin makaranta a cikinmu ya rubuta daftarin kundin dokoki da na dokokin cikin gida, muka kira babban taro na kafawa a ƙofar shago bayan sallar isha'i. A nan bambancin ya fito fili. Wani abokina da muka taso tare, wanda ya fi kowa zuba kuɗi tun farko, ya tambaya ko in mutum ya fita za a mayar masa da abin da ya zuba, kuma ko in yaran suka fara ɗinkin da ake saye za a ba kowa kasonsa. Malamin ya karanta masa sashen da ya ce kuɗin mamba ba jari ba ne, ba a mayarwa, ba ya haihuwa, kuma wanda ya zuba jika 50 da wanda ya zuba jika 1 ƙuri'a ɗaya-ɗaya suke da ita. Abokin nawa ya ce shi dai zai ci gaba da ba da sadakarsa, amma ba zai shiga ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, gara da ya tambaya a daren farko da a ce bayan shekara uku ne. An kuma yi ja-in-ja a kan suna, domin wasu sun so a sa sunan ƙabila a ciki, alhali dokar 1984 ta hana ƙungiyoyin ƙabilanci da na ɓangaranci. Muka zaɓi suna mai nuna aikin kawai. Aka zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji da masu binciken kuɗi biyu, aka rubuta cewa duk waɗannan muƙamai ba a biyansu albashi. Ni aka ba shugabanci, na kuma roƙa a rubuta cewa kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma ajiyarsu ba ta hannuna.

Tara takardun shugabanni ya ci lokaci fiye da yadda muka zata. Kowane ɗan kwamiti sai ya kawo takardar zama ɗan ƙasa da kaziye da kwafin katinsa mai hatimi. Kaziye kuwa a kotun inda aka haifi mutum ake cirarsa, kuma wata 3 yake yi ya tsufa. Ma'ajinmu haifaffen Tasawa ne, magatakarda na Dakoro, wani kuma na Damagaram. In ba a aika neman na nesa da wuri ba, kafin su iso na ƴan gari sun kusa mutuwa. Muka buga kundin da bayanin taron kafawa da jerin sunayen shugabanni, kowanne da shekarunsa da sana'arsa da adireshinsa, aka yi kwafi-kwafi, aka manna tambur inda ake mannawa. Ranar da na mayar wa dattijon nan da dosiye, ya bi shi shafi-shafi da biro, ya dakata a sashen rushe ƙungiya da sashen hanyoyin samun kuɗi, ya gyaɗa kai, ya ba mu resepise, wato shaidar karɓa ta wucin gadi. Ya ja mana kunne cewa wannan ba izini ba ne. Daga nan dosiye ya bi ta ofishin gwamna zuwa Yamai. A tsakani aka kira mu ƴan kwamiti kwamisariya ɗaya bayan ɗaya, aka yi mana tambayoyi cikin mutunci: wane ne kai, me kake yi, daga ina kuɗi za su fito, kuna da alaƙa da wata jam'iyya. Gabana ya faɗi da aka ce ƴan sanda na nemana, amma da na fito na gane dalilin. Mai shago da kuɗinsa yake wasa, mu kuwa amanar kuɗin wasu za mu riƙa da ƴaƴan mutane.

Sai jira. Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya shigo, kekunan Alhaji suna cikin kwalayensu a sitonsa, yara suna tambayata kullum. Wani mutum ya zo ya ce yana da hanya a Yamai, in muka ba shi wani abu zai fito da takardar cikin mako. Kwamiti ya ƙi, kuma ina ba kowa shawara ya ƙi, domin ƙungiyar da ta fara da kuɗin da ba za a iya rubutawa a littafi ba, ta fara da ɓaraka. A farkon 2023 izinin ministan cikin gida ya iso. Ba a nan aka tsaya ba, sai da muka biya aka buga sanarwar kafuwarmu a jaridar gwamnati, muka yi NIF, sannan banki ya yarda ya buɗe asusu da sunan ƙungiya bayan ya ga izinin da kundin da bayanin taron da ya nuna masu sa hannu. In aka haɗa bugu da kwafi da tambur da aike-aike da kuɗin jarida, ƙungiyar da ba ta neman riba ta ci mana ninkin abin da shago ya ci sau da yawa. Ranar da aka sauke kekunan, magatakarda ya rubuta lambar kowanne a littafin kaya, aka shafa musu fenti a ƙafa don a bambanta su da nawa, muka kuma rubuta yarjejeniyar cewa na ba ƙungiya aron ɗakin da ke jikin shagona.

A nan zan ɗan ratse, saboda yayata. Tana cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin asusun mata da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Su suna yin man gujiya da ƙuli-ƙuli tare, kuma da ta ga izininmu ta ce su ma irinsa za su nema. Na ce Yaya, ku ai rabawa kuke yi a ƙarshe, dokar 1984 ba taku ba ce. Muka je wurin jami'an gona masu kula da ƙungiyoyin gama kai, aka nuna musu hanya ta uku. Dokar OHADA ta 15 ga Disamba 2010 ta tanadi ƙungiyar gama kai mai sauƙi, SCOOPS, wadda mutum 5 ma za su iya kafawa, da babba mai majalisar gudanarwa da ke buƙatar aƙalla mutum 15. Rijistarsu daban take da ta ƴan kasuwa. Suna ciniki, mamba yana da hannun jari, amma ƙuri'a ɗaya ce ga kowa, kuma rarar da aka samu sai an fara ware kason ajiya da na horo, sannan a mayar wa kowa gwargwadon huldar da ya yi da ƙungiyar. Yawancin matan da ake cewa su buɗe ONG, wannan ce rigar da ta dace da su.

Amfanin raba takardun bai bayyana mini sosai ba sai bayan 26 ga Yuli 2023. Da aka yi juyin mulki, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, wutar da ke zuwa mana daga can ta yanke. Yadi ya yi tsada, ciniki ya tsaya, ga bashin kaya da na karɓa a hannun wani ɗan kasuwa kafin abin ya faru. Mutumin kirki ne, shi ma matsuwa ta kawo shi. Ya shigo ya ga kekuna 14 a jere, ya ce in ba shi biyu ya riƙe. Na ɗauko littafin kayan ƙungiya na nuna masa cewa 10 ba nawa ba ne, ba ni da ikon ba da ko ƙusa ɗaya daga jikinsu. Na sayar da babur ɗina da keke ɗaya cikin nawa na biya shi, kamar yadda saurayin nan ya gaya mini tun ranar rijista. Abin ya yi mini ciwo, amma ko yini ɗaya yaran ba su fasa karatu ba, tunda kekunansu na ƙafa ne, kuɗin zarensu kuma yana asusun da bashina bai isa ya taɓa ba. Da a ce takarda ɗaya na yi, da a wannan watan na cinye amanar Alhaji ina ganin kamar dukiyata nake ceto.

Ga mai shirin fita neman takarda, tambayar dattijon nan ita ce farkon komai, a amsa ta a gida kafin a hau kabu-kabu: rarar ta wa ce, kuma in an watse kayan na wa ne. In amsar ita ce ni da abokan jarina, to Maison de l'Entreprise za a nufa, a yi alfahari da hakan, a biya haraji, a yi sadaka daga ribar yadda aka ga dama. In amsar ita ce ba na kowa ba ne, na aikin ne, to a shirya wa jira da tarurruka da bincike, a kuma shirya wa ranar da waɗanda ka tara za su iya sauke ka da ƙuri'a. Kada a ɗauka ƙungiya ba ta taɓa ciniki: yaranmu suna ɗinka jakunkuna da rigunan jarirai ana saye, kuɗin yana shiga asusu ya dawo zare da yadi. Kada kuma a ɗauka ba ta biyan albashi: mun ɗauki wata malama da ke koya wa ƴan mata, ana biyanta duk wata, domin ladan aiki daban, rabon riba daban. Abin da na fi tsoro shi ne ciniki tsakanin shagona da ƙungiyar, shi ya sa in za a sayi yadi ma'aji ke zagaya kasuwa ya tambayi farashi, ni kuma in fita daga taron kafin a yanke.

Lissafi ma hanya biyu ne. Shago yana bin tsarin lissafin ƴan kasuwa, inda tambayar ita ce an ci riba ko an faɗi. Ƙungiyoyi kuwa OHADA ta yi musu nasu tsarin, wanda aka amince da shi a Yamai ranar 22 ga Disamba 2022, ya fara aiki 1 ga Janairu 2024. An sauƙaƙa wa ƙanana irinmu, amma dole a riƙe littafin shiga da fita, da littafin masu ba da kyauta inda ake rubuta wanda ya bayar da abin da ya bayar. Kuɗin da aka bayar don keke ba a karkatar da shi zuwa abinci sai da yardar mai shi. Hukuma ta ƙara sa ido a kan wannan a ƴan shekarun nan, don haka duk canjin shugabanni ko na adireshi muna sanar da ita a rubuce, rahoton shekara kuma ba ma bari ya makara.

A babban taronmu na ƙarshe, bayan masu binciken kuɗi sun karanta rahotonsu, an samu ƴar rara daga cinikin jakunkuna. Ni na kawo shawarar a gyara rufin ɗakin kafin damina. Malamar ƴan mata ta ce a sayi kekuna biyu a ba yaran da suka fi ƙwazo cikin waɗanda suka kammala, su je su fara nasu. Aka ɗaga hannu, shawararta ta rinjayi tawa, magatakarda ya rubuta. Rufin na gyara shi daga ribar shago, tunda ɗakin nawa ne. Ɗaya daga cikin yaran biyu ya kama rumfa a Sabon Gari, kuma a watan jiya na raka shi ya yi rijistar kasuwanci da sunansa.